Bazara a Bakin Kanal: Baƙin Tsuntsaye da Alamun Damina a Ƙasar Kura

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya a watan Maris zai yi ta ratsa ƙasa busasshiya. An kwashe kara, gonaki sun yi fayau, ƙura na tashi duk inda iska ta taɓa. Da ya doshi Karfi da Kura sai launin ƙasa ya sauya. Hagu da dama kore ne shar: alkama ta fara ja tana jiran lauje, masara ta kai ƙirji, ga albasa, ga tumatir, ga kwamin shinkafar rani da aka dasa kwanan nan ruwa na ƙyalli a ƙarƙashinta. Baƙo yakan ɗauka damina ce ta riga sauka a nan, alhali ko ɗigon ruwan sama bai faɗo ba tun watan Oktoba.

Wannan koren daga Tiga ya fito. A zamanin gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano, aka fara ginin madatsar Tiga a 1971 aka kammala a 1974. Daga can ruwan ke biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shiga gonakin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan kadada 22,000. A Kadawa aka fara gwaji, kuma har yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar binciken noman rani a can. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka zuba wa ido. Yau kuwa ba a maganar shinkafa da kayan gwari a Arewa a tsallake Kura da Kwanar Gafan.

Duk wannan an sha faɗarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ruwan kanal ya taɓa idon mutane. Kakan manomin Kura na yau ya rayu ne yana jiran sama. Daga ƙarshen hunturu ya fara karatun itace da tsuntsu da ƙwaro da iska, domin kuskuren sati biyu a lokacin shuka yana iya zama yunwar shekara. Jikansa yana da ruwa a bakin gona rani da damina, yana da injin ban-ruwa, yana da waya da ke kawo masa hasashen hukumar NiMet. Ba laifi ba ne, rahama ce. Sai dai wanda bai jira ba ba ya dubawa, kuma ilimin da aka daina amfani da shi ba ya daɗewa a hannun mutane. Alamun nan kuwa ba su tafi ko'ina ba. Suna nan bakin kanal, wasu ma ruwan ya ƙara tara su.

Itatuwa ne ke fara magana

Tun hunturu bai gama sakin jiki ba mangwaro ke yin fure, ƙudan zuma su yi ta kai da komo a kansa. Ɗorawa kan biyo baya: a watan Fabrairu zuwa Maris take zubo jajayen tutunta, masu lilo a dogon sili. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta bayan magariba zai ji fuka-fukin jemagu, domin su ne ke shan ruwan furen da dare suna kai barbara daga wannan itace zuwa wancan, ƙudan zuma su karɓi aikin da asuba. Ke nan daddawar da ke cikin miyar kuka tana da hannun jemage a ciki, duk da jifan da yara ke yi masa. Darbejiya kuma, idan zafi ya kankama, takan yi ƙananan fararen furanni masu ƙamshin da ke cika unguwa da dare.

Abin mamakin shi ne itatuwa da yawa ba sa jiran ruwa kafin su yi toho. Kuka da ta yi watanni tsirara takan fara fitar da sabon ganye tun sama ba ta zubar da komai ba. Tsamiya ma haka. Tsawon yini da ɗumi da laimar da iska ta fara ɗaukowa daga kudu sun ishe su sanarwa. Gawo shi kaɗai ya saɓa wa kowa: rani duka yana kore, yana zubar wa dabbobi 'ya'yansa a lokacin da ciyawa ta ƙare, sai damina ta kawo kai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fari. Manomi ya san amfanin wannan saɓani. Ganyen da ya zuba taki ne, kuma ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana. Shi ya sa a gonakin tudu ake barinsa. A filayen da aka baje domin ban-ruwa kuwa itace ya yi ƙaranci ƙwarai, don haka mai neman wannan alama sai ya fita gefen shirin, wajen gonakin damina da bakin ƙauyuka.

Sai iska. Hunturu daga gabas maso arewa yake busowa, da hazo da kaushi. Idan bazara ta shiga sai iskar ta fara juyawa tana zuwa daga yamma maso kudu, jiki ya fara gumi, leɓe ya daina tsagewa, dare ya hana barcin ɗaki. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Guguwa na yawo a fili da rana tsaka, kunama da maciji na fitowa daga ramuka, abin da ya sa mai ban-ruwan dare bai kamata ya shiga kwami ba fitila ba takalmi ba. Malaman da suka riƙe lissafin taurari suna da nasu ma'auni: taurari 28, bakwai ga kowane yanki na shekara, kowanne da kwana 13 in ban da guda mai 14. Mutumin gona ko bai iya lissafin ba ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya kuma san idan ta daina bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, wajen watan Mayu, lokacin sharar gona da kai taki ya yi nisa, mai shukar binne ya fara shiri.

Masu haramar tafiya

A bazara ƙasar Kura zango ce irin ta fatake: wani ayari na ɗaure kaya zai yi arewa, wani na sauke nasa daga kudu. Wanda ya fi kowa gani shi ne mai ban-ruwa, ko da bai san abin da yake gani ba.

Akwai wani ɗan tsuntsu siriri mai rawayan ciki da doguwar wutsiya da ba ta daina kaɗawa. Yana bin ƙafar shanu da tumaki, yana bin bakin ruwa idan an saki kwami, yana tsintar ƙwarin da ruwan ya kora. Tun wajen Satumba da Oktoba yake sauka, ya yi hunturu da mu. Ba ɗan gida ba ne. A Turai da yammacin Asiya yake ƙyanƙyasa. A watan Maris zuwa Afrilu launinsa kan ƙara kyau, cinsa ya ƙaru, domin yana tara kitse. Tsuntsun da nauyinsa bai kai giram 20 ba zai ƙetare Sahara, tafiyar kusan kilomita 2,000 babu ci babu sha, sannan ga Bahar Rum a gabansa. Kitsen da zai kai shi, ƙwarin gonakinmu ne. Tun shekarun 1960 masana suka riƙa kama irin waɗannan tsuntsaye a bakin Tafkin Chadi suna auna su, suka ga yadda nauyinsu ke hawa cikin makonni kaɗan kafin tashi.

Tare da shi akwai masu dogayen ƙafafu da dogon baki da ke tattaki cikin taɓon shinkafa garke-garke. Wasu daga cikinsu sai sun dangana da arewacin Rasha kafin su yi sheƙa. Akwai tsattsewa masu shawagi a kan kanal da yamma, waɗanda a cikinsu akwai 'yan gida akwai masu wucewa. Akwai wani shaho mai tafiya ƙasa-ƙasa a kan gonakin shinkafa, fuka-fukai a ɗage, yana neman ɓera da kwaɗo. Shi ma da zafi ya tsananta za a neme shi a rasa. Babu mai yi musu sallama. Wata safiya ce kawai za a lura bakin ruwa ya yi shiru.

Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har wasu masanansu na dā suka ce tsattsewa cikin taɓo take kwanciya. A 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu ɗan uwan shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Ya taso da shi tun daga nahiyarmu. Har yau gawarsa na ajiye a Jami'ar Rostock. Sai kuma 1969, lokacin da masu lissafin tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsun shinge da suka saba da shi ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar farin da ya fara kama yankin Sahel ne ya cinye su, farin da ya zo ya yi wa mutane da dabbobinmu ɓarna a farkon shekarun 1970. Tsuntsu ya ba da labarin tun kafin duniya ta ji kukan mutane. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daina ɗaukar kallon tsuntsu a matsayin aikin marar aikin yi.

Shamuwa da 'yan rakiyarta

Duk Bahaushe ya san wadda ke zuwa daga kudu. Shamuwa, baƙa mai farin ciki, tana yin watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ake ruwa. Idan damina ta juyo arewa sai ta biyo ta, ta iso ƙasar Hausa a wajen Afrilu zuwa Mayu. Ba ta yin sheƙa a dokar daji. Cikin gari take so, a kan tsamiya ko kuka ko rimi, kusa da mutane, kuma mutane sun saba ba sa taɓa ta. Yaro ma ya san ba a jifan shamuwa. Wannan kunya da ke tsakaninmu da ita tana da riba, domin abincinta fara ne da tsutsa da sauran ƙwarin da ke cin shuka. Ba ta kawo ruwa, Allah ne ke kawo shi, amma tana tafe ne tare da iskar da ke ɗauke da shi, don haka ganinta labari ne mai tushe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abin da shamuwa ke buƙata a wurinmu bai taka kara ya karya ba: babban itace a cikin gari. Duk tsamiyar da aka sare aka yi gawayi, duk rimin da aka kayar aka yanka fuloti, gidan baƙuwa aka rushe. Garin da ya wayi gari babu shamuwa ya fara duba itatuwansa kafin ya ce zamani ne ya canza.

'Yan gida ma sukan sauya kaya. Balbela, wadda ke bin garmar shanu da tarakta duk shekara, takan yi wani ja-ja a ka da ƙirji idan lokacin sheƙarta ya gabato. Marai na fara saƙa a rassan da suka sunkuyo kan ruwa, namijin na rataye yana karkaɗa fuka-fukai. Mulufi, da ya yi rani duka cikin launin ƙasa ba mai kula shi, idan damina ta zauna sai ya fito ja wur a kan karan ciyawa. Zalaidu ya fitar da doguwar wutsiyarsa. Ragon maza na kuka daga cikin duhuwar bakin kanal, zakaran ƙeƙuwa na yi wa duk mai wucewa tsawa domin ƙwansa na ƙasa a fili. Zalɓe na tsaye wurinsa, kirinjijiya na wucewa da dare da fito.

Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka kuwa, ƙasa kan buɗe gaba ɗaya. Shinge ya taso ya rufe fitilu, yara na tara shi a kwano, ƙadangare da kwaɗo da tsuntsu kowa na dibar rabonsa. Ƙadandoniya ta fito. A kududdufan da suka bushe, gaiwa da ta yi watanni a dunƙule cikin busasshen taɓo tana rayuwa da abin da ke jikinta ta ji laima ta motsa. Kukan kwaɗi dai a Kura ya daina zama alama, tunda kanal ya ba su damina ta dindindin. Haka ya ba sauro, haka ya ba dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yaran da ke wanka a kanal fitsarin jini. Ruwan da ya kawo arziki ya zo da nasa kaya.

Jan-baki

Ba zai yiwu a yi wa manomin shinkafa maganar kyan tsuntsaye a tsallake jan-baki ba, kuma wanda ya tsallake bai yi masa adalci ba. Shinkafar rani na yin nono ne a daidai lokacin da ƙwayar ciyawar daji ta ƙare ko ta tsiro, sai garken ya juyo gona. An ƙiyasta kowane ɗaya na cin kusan giram 10 a yini. Ƙaramin abu ne, sai an tuna suna zuwa dubbai-dubbai, kuma masana na ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Mutum ya ci bashin taki, ya sayi mai, ya biya 'yan dashe, sannan cikin 'yan kwanaki ya tarar da zangarniya fanko. Shi ya sa daga asuba zuwa magariba ake jin ihun masu korar tsuntsu da ƙarar gwangwani a igiya, shi ya sa wasu ke lulluɓe gona da raga, shi ya sa yara da yawa ke rasa makaranta a waɗannan makonni.

Hanyar da gwamnatoci suka saba bi ita ce feshin guba ta jirgin sama a inda tsuntsayen ke kwana. Yana rage su na ɗan lokaci. Amma gubar ba ta tantance baki ja da baki fari. Tana kashe sauran ƙananan tsuntsaye, tana kashe shaho da mujiya da suka ci gawar, tana sauka a ruwa, kuma akwai masu tsintar matattun su kai kasuwa. Mujiyar da aka kashe kuwa ita ce mai cin ɓerayen da ke yanke shinkafa da dare. Haka ma ragar da aka bari a gona bayan girbi: ba jan-baki kaɗai take shaƙewa ba.

Manoman yankin sun ga abin da dogaro da feshi kaɗai ke jawowa. A 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganyen tumatir, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta share gonakin Kadawa da kewaye, aka yi ta zuba magani ba ta ji ba, kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a shekarar ya tsaya saboda rashin kaya. A ganina darasin a fili yake. Gonar da aka kashe duk wani mai rai a cikinta ba ta da mai tsaronta ranar da baƙon ƙwaro ya zo. Balbela da shamuwa da tsattsewa da kwaɗo ma'aikata ne da ba a biyansu, kuma ya kamata malaman gona su riƙa faɗar haka da ƙarfin da dillalan magani ke tallar kayansu. Dasa shinkafa a lokaci guda tsakanin maƙwabta, domin ɓarnar ta rarrabu, da nome gona da kyau, tunda ƙwayar ciyawa na janyo garken, da share kacalla daga magudanai, duk abubuwa ne da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya yi ba tare da jiran jirgi ba.

Abin da ke ƙasa da mu

Ruwan da ya tsaya a Kura, wani ne bai samu ba. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ke cika fadamun Haɗeja da Nguru. Bayan Tiga, sai aka ƙara madatsar Challawa a 1992. Ambaliyar ta ragu, kuma ruwan da ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin jan-baki. Waɗannan fadamu su ne babban masaukin agwagin ruwa masu zuwa daga Turai a Arewacin Najeriya. Saboda su Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Manomin Bunkure da masuncin Nguru igiya ɗaya ta ɗaure su, ko ba su taɓa haɗuwa ba. Duk ruwan da aka bari ya malale a banza a nan, can ake jin rashinsa.

Wasu tsuntsayen kuma sun riga sun yi nisa. Gauraka, mai kambun zinariya a ka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan. Kamu domin ajiyewa a gidajen masu hali da lalacewar fadamu sun gama da ita. Ungulu, da a dā ba a raba ta da mahauta da kasuwa, a 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Matashi ɗan shekara 20 a Kura zai iya rantsuwa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Sun ɓace a gaban idon kowa, kuma babu wanda ya rubuta shekarar da ya yi musu ganin ƙarshe.

Wannan rashin rubutu shi ne ya fi damuna, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Kallon tsuntsu ba ya buƙatar kuɗi. Bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, mutum ya bi gefen kanal a hankali, rana a bayansa, ya nemi inda aka saki ruwa sabo ya zauna. Ya nemi izinin mai gona, kada ya taka kunya, kada ya taɓa sheƙa. Alƙur'ani kansa, a Suratul Mulk aya ta 19, ya ja hankalin mutum ga duban tsuntsaye a sama. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke tura abin da suka gani ta waya, kuma akwai matasan Arewa a cikin aikin. Yankin Kura da Bunkure, da ruwansa da baƙinsa, ya cancanci a riƙa jin sunansa a can kowane wata.

Kirana ga malaman makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam, na boko da na Islamiyya, shi ne kowace makaranta ta ajiye littafi guda. A rubuta ranar da ɗorawa ta yi tutu, ranar da aka ga shamuwar farko da itacen da ta sauka, ranar da gawo ya fara zubar da ganye, ranar ruwan shuka, ranar da jan-baki ya iso. A tura ɗalibai wurin kakanninsu su karɓo sunayen tsuntsaye da alamun da suka sani tun suna da rai. Jami'ar Bayero da ta Wudil su karɓi waɗannan littattafai su haɗa su da alƙaluman ruwan sama, masu unguwanni da dagatai kuma su hana sare duk itacen da shamuwa ke sheƙa a kai. A fara daga bazarar bana.